Malam Tanko Mai Korar Koci

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a gidan abincin Lawban Ma da ke unguwar Xiaobei a birnin Guangzhou na China, a ƙarshen zamanin soja a gida, ya san Malam Tanko ba ya kai shayi baki sai ya kori koci. Zai zauna, ya gyara hula, ya yi bismilla, ya ɗaga yatsa ya ce, "Na kore shi." Sannan ya kurɓa. Kocin nan yana can Amurka, bai san an haifi wani Tanko a duniya ba, amma kullum safiya sai ya rasa aikinsa a gaban kwanon taliya.

Ku da kuka san shi, ku riƙe dariyarku tukuna. An ce ni Garba Tulu in rubuta wani abu a kansa, ni da na bar makaranta a aji huɗu saboda ni da malamin lissafi ba mu fahimci juna ba. To ga shi na rubuta. In kun ga kuskure ku ɗora wa malamin.

Tanko ya taɓa tuƙa tasi a wani garin sanyi a Amurka. Wasu suna dawowa daga can da mota, wasu da takarda. Shi ya dawo da tari da ƙungiyar ƙwallo. Ƙwallon kuma ba irin tamu ba, irin wadda ƙatti suke sa kwano a ka, su rungumi abu mai kama da gwanda su yi ta turereniya. Sunan ƙungiyar ban taɓa riƙewa ba, don shi kansa "yaranmu" yake ce musu. In kana so ka ɓata masa rana, ka ce masa zari-ruga. Zai dube ka kamar ka zagi kakarsa.

Ni da shi muna yi wa Alhaji Sabo na Kantin Kwari sayayya a Guangzhou. Tanko ke ciniki, don yana da Turanci da taurin kai. Ni kuma, to, ina raka shi. A shekarar da nake ba ku labari Alhaji ya fara cewa ta waya tsofaffi biyu a China sun yi masa yawa, zai zo bayan babbar salla ya mayar da ɗaya gida. Ban buƙaci boka ya gaya mini wane ne ɗayan ba. Rumfata a Kwari na daɗe da sayarwa, gidana cike da bakuna, kuma duk wannan zaman nawa na China suke ci. Da wannan tunani nake kwana, da shi nake tashi, ga kuma Tanko a gefe yana korar mutane kamar kaji, har da ni.

Abin da ya sa korarsa ba ta ƙarewa shi ne, Tanko bai taɓa ganin wasa a lokacinsa ba. Ɗan yayarsa da ke Amurka ke aiko masa kaset ɗin bidiyo da shafukan jarida ta hannun wani ɗan Ghana mai zuwa sari, kuma kafin su iso an gama kakar wasa, an share fili, 'yan wasa sun tafi hutu. Saboda haka shi kullum a lokacin da ba a wasa yake rayuwa, lokacin da ake sallamar wane a ɗauko wane. Rani yake kiransa.

"Garba," in ji shi, "da rani ake cin wasa. Sauran duk guje-guje ne."

Kaset ɗin ma na Amurka ne, bidiyon masaukinmu na China, ba sa shiri. Hoton ba launi, yana ta hawa sama yana gangarowa. Na ce, "Malam, ni ban ga komai ba sai layi-layi."

Ya ce, "Kai ba ka gani ba. Ni na ga mai jifanmu ya sake jefa wa abokan gaba. Na sayar da shi."

"Wa zai saya?"

"Ko kyauta ne. In haɗa masa da kocin."

Wata safiya ya shigo wurin Lawban Ma da jarida a hammata, fuska tana ƙyalli kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya gaida Lawban da yarensu, ya ce, "Nihau! A ba kowa shayi." Mun tsorata, domin Tanko mutum ne da ke shanya ganyen shayi a taga ya sake dafawa. Alhaji Mamman ɗan Maraɗi, mai sarin takalma, ya ajiye cokali ya ce, "Lafiya, Koci?"

"Mu ne na farko!"

"Barka! Kun ɗau kofi ke nan?"

"Wane kofi? Mu ne na farko a zaɓe. Duk shekara ana jera yaran jami'a, ƙosassu, kowace ƙungiya ta ɗauki nata. Bana mu za mu fara ɗauka, duk Amurka sai ta jira mu."

Mamman ya juya maganar. "To mi ya sa ku ne na farko?"

"Haka dokar take. Wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓa."

"Wato ku ne na ƙarshe."

"A bara. Ina maganar bana."

"Bara waccan fa?"

Tanko ya kurɓi shayi cikin natsuwa. "Bara waccan ma mu muka fara zaɓa. Ka ga ba kowa ke iya riƙe matsayi ba."

Mamman ya yi dariya har Lawban Ma ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Da aka zo biyan shayin, Tanko ya ce murnar ta kowa ce, don haka kowa ya biya nasa.

Sai maganar ƙwallon kanta. Ya rantse sai ya nuna mana yadda yaron da za su zaɓa yake jifa, amma ba ƙwallo. Mun zaga kasuwar tufafi ta Baima, mun zaga kantunan kayan wasa, ya zana siffarta a iska da hannu biyu. Ko'ina amsa ɗaya: "Meyo." Babu. Wata tsohuwa ta kalli zanen hannunsa ta nuna mana kasuwar kayan miya. Na ɗauka zai yi fushi. Ina! Ya je ya zaɓo doguwar kabewar nan ta 'yan China, ya ɗaga ta, ya auna nauyinta, ya gode wa mai kayan da yarensu, ya ce, "Sheshe. Wannan ta fi ta gaske."

Bayan sallar Juma'a ya jera mu a barandar masauki. Ni ya tsayar a gabansa, ya ce in buɗe ƙafa in sunkuya kada kowa ya wuce. Mamman ya tura can ƙarshen baranda.

"Alhaji, ka ruga, in na ce juyo ka juyo."

"Da babbar riga zan ruga?"

"Su da kwano a ka suke rugawa. Tafi!"

Mamman ya taka kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tanko ya ja baya, ya ce, "Juyo!" Mamman ya juyo, kabewa ta same shi a ƙirji, ta faɗi ta dare biyu. Mamman ya zauna a ƙasa yana salati da Hausa yana ƙarasawa da Faransanci. Tanko ya zo ya tsaya a kansa, ya girgiza kai.

"Jifa ba laifi. Hannu ne babu. Alhaji, ka yi haƙuri, na sayar da kai."

Ya juyo gare ni. "Kai ma Tulu, na kore ka. Ka sunkuya kamar mai neman allura."

Ya tattara kabewar ya kai wa Lawban Ma, muka sha miyarta da yamma. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma kalmar nan ta kora ta zauna mini a ciki. Na san in Alhaji Sabo ya zo, ra'ayin Tanko zai fara nema.

Ana saura kaɗan salla, ɗan Ghana ya iso da sababbin jaridu. Tanko ya buɗe, ya karanta, ya naɗe. Shayi ya zo, bai ɗaga yatsa ba. Taliya ta zo, ya ture.

Na ce, "Malam, ko rasuwa aka yi?"

"Sun kore shi."

"Wa?"

"Koci. Da gaske. Tun watannin baya."

Mamman ya ce, "To alhamdu lillahi! Ba abin da kake roƙo ke nan ba?"

Tanko ya harare shi. "Mutum mai iyali! Dattijo! Da waɗanne yaran aka ba shi zai ci wasa? Marasa kunya, marasa haƙuri. Ni da nake korarsa ai na san darajarsa. Su wa ya ba su izini?"

Ranar nan ko kasuwa da ƙyar ya je. Washegari ya zauna, ya gyara hula, ya yi bismilla, yatsa ya tashi. "Na kore shi."

"Wa kuma?"

"Sabon."

"Mene ne sunansa?"

"Ban kai shafin ba tukuna."

Alhaji Sabo ya iso bayan salla ta Hong Kong, da gumi da gajiya da fuskar mai yanke hukunci. Muka zauna cin abincin rana wurin Lawban Ma. Ni ko taɓa taliyata ban yi ba. Alhaji ya share hannu ya ce, "Malam Tanko, an ce kai ne gwanin kora a garin nan. To yau ga ta gaske. Ina da yaro da ya gama karatu zan kawo. Ɗaya zai koma. Kai kake ciniki, wannan na sani. Shi Garba me yake yi?"

Na sunkuyar da kai. Tanko ya jawo faranti, ya share shi da hannun riga, ya ɗora ƙaramin kofin shayinsa a tsakiya. Ya ɗauko babbar butar shayi ya ajiye a gaban kofin. Ya tara sauran kofuna a ɗaya gefen suna fuskantar butar.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙaramin shi ne mai jifa. Shi jarida ke ɗauka hoto. Wannan butar kuma ƙato ne, ba ya taɓa ƙwallo, ba ya gudu, ba wanda ya san sunansa. Aikinsa ya tsaya. Waɗannan kuma so suke su danne mai jifa kafin ya saki ƙwallo."

Alhaji ya ce, "Malam, ni tufafi na zo saye."

"Tufafin nake gaya maka. Ka san shagunan Baima, ƙofa kamar ta kurkuku. In na ga kaya mai kyau na shiga ciniki, 'yan Mali da 'yan Lebanon suna bayana, da sun shigo sun ƙara farashi, an gama da mu. To Garba zai jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce nihau, a ba shi shayi. Ya ce sheshe, a ƙara masa. In aka ce ya matsa, sai ya yi murmushi kamar bai ji kowane yare ba a duniya. Ba mai wucewa sai na gama. Shekarun nan duk kayan da ka yaba, ta bayan wannan butar na jefo maka su."

Alhaji ya dube ni daga sama har ƙasa, kuma akwai abin dubawa. Dariya ta ƙwace masa. Ni kuwa wallahi ban san aiki nake yi ba. Na ɗauka gajiya ce ke zaunar da ni.

"To na ji," in ji Alhaji. "Wa zan mayar?"

Tanko ya sa yatsu biyu ya ɗauke ƙaramin kofin daga farantin, ya ajiye shi a gefe a hankali.

"Mai jifa. Hannunsa ya gaji, ga tari ya hana shi barci, kuma yana so ya ga jikokinsa. Ka kawo yaronka. Amma sabon mai jifa in ba ƙato a gabansa, kafin wata ya ƙare sun binne shi. Ka bar masa butar."

Na ce, "Haba Malam. Kai da kake korata kullum?"

Ya ce, "Wanda nake kora da safe ai so nake in same shi gobe. Ci taliyarka, Tulu, kada ka rame ka ɓata mini tsari."

Tarin nan da muke yi masa tsiya a kai, ashe ya fi mu sanin inda ya kai. Ya koma Kano, damina ba ta ƙare ba aka bugo mana waya cewa ya rasu. Maganarmu ta ƙarshe ta waya, murya tana yankewa, bai tambayi kasuwa ba. Ya ce, "Garba, yaron nan da muka zaɓa, ɗan Ghana ya kawo labari?" Na ce an ce yana jifa kamar harsashi. Ban karanta komai ba. Ya ce, "Ka gani? Bana tamu ce."

Na yi shekaru bayan haka ina zama a ƙofofin Baima, da wannan zaman na ciyar da gidana har yara suka tasa. Har yau in aka ajiye mini shayi da safe, yatsana kan motsa kafin in tuna ba ni da wanda zan kora.

Allah ya jiƙan Malam Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Shi da ya ɗauke kansa daga faranti don wani ya ci abinci, Allah ya sa ranar da za a jera bayi yana cikin waɗanda za a fara zaɓa, ya saukar da shi inda ba a korar kowa. Amin.