Kwanon Haliru da Durumin Bawa

Haliru mai keke, mazaunin Tudun Wada ta Gusau, mutum ne da Allah Ya hore wa riƙo. Wasu an ba su dukiya, wasu ilimi, shi kuwa riƙo aka auna masa da tiya har aka yi masa gyara. A Nahuce aka haife shi, can ƙasar Bunguɗu, kuma tsofaffin gidansu sun ce tun da Inna ta yaye shi bai sake yi mata dariya ba sai da haƙoran gabansa suka fita. Akwai jakin kawunsa da ya taɓa harbinsa yana yaro. Shekaru suka wuce, jaki ya tsufa ya mutu, Haliru ya yi takanas har bayan gari, ya tsaya a kan mushen ya ce, "To, harba mana."

Boko bai yi nisa da ita ba, don malamin lissafi ya taɓa kiransa mai kan kabewa. Da gemu ya fara tsiro masa sai ya gangaro Gusau, ya yi kabu-kabu har babur ya gaji da shi, sannan ya koma keke napep. Ya auro Salma daga Tsafe, mace mai sanyin hali, wadda ko tukunya ta ƙone mata sai ta ba ta haƙuri.

A layinsu akwai ciyayya. Da an sallame Magariba, kowane magidanci sai ya fito da kwanon tuwonsa, a haɗu a gindin durumin ƙofar gidan Alhaji Bawa mai buhu, a ci tare. Ƙa'idar wurin kuwa tun ta iyaye ce: mai ƙofar gida shi ke buɗe kwano, shi ke turo shi tsakiya, kuma kwanon da bai turo ba, ba mai sa masa hannu ko da yunwa za ta kashe shi. Kwano ya koma gida a cike kuwa, gara a zagi mutum a tasha.

Wata rana da damina, Bawa ya ɗaga murfin kwanon Haliru, ya leƙa, ya gyara zaman hularsa kamar mai duba madubi.

"Haliru, wagga miya ce ko ruwan gulbi aka ɗebo muna? Ga ni nan ciki, har da hurhurata!"

Aka kwashe da dariya. Bawa ya mayar da murfi, ya ture kwanon gefe da bayan hannu, ya jawo na gidan Malam Zakari. Haliru da kansa ya ɗauko kwanonsa ya koma gida, yana jin kamar dutsen Kwatarkwashi ya ɗauko. Salma ta karɓa, ta buɗe, ta ce, "Allah sarki, kukar ce ta ƙare mini," ta ci gaba da shararta. Ita ta manta kafin gari ya waye. Shi kuwa a daren ya rantse ba zai sake zama gindin durumin nan ba, kuma sai Bawa ya ɗauki kwanonsa a cike ya bi layi da shi mutane na kallo.

Sai dai ta yaya? Bawa na da durumi, durumi na da inuwa, inuwa kuwa ita ke riƙe da majalisa. Haliru ya daɗe yana wucewa ta wurin da kekensa, yana hararar itacen, itacen ko ganye bai zubar ba.

Ana nan sai maganar doguwar bas ta cika gari. Wai za a fitar mata da hanyarta ita kaɗai daga Lalan har Damba, ta ratsa unguwanni, tana tsayawa a tashoshi masu rumfa. Ma'aikatan kamfanin da aka ba aikin suka bazu da riguna masu ruwan ɗorawa, suna zama bakin titi suna kallon jama'a. Allah Ya sa shugabarsu, Injiniya Fiddausi, ta tare keken Haliru wata safiya.

"Hajiya, don Allah mi yaranki ka kallo bakin hanya? Ko wani ya ɓace?"

Ta yi dariya ta ce, "Malam, inda mutane suka fi tsayawa jiran abin hawa muke dubawa. Inda suka fi taruwa, nan za a sa tasha."

"In kuma akwai icce wurin?"

"In ya tare, dole a cire shi."

Sai da Haliru ya kusa afkawa kwata don daɗi. Ya kai ta har inda za ta, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya bi ta da addu'ar da ko uwarsa bai taɓa yi wa ba.

Daga ranar keken Haliru ya kamu da wata irin cuta da ba ta tashi sai a gindin durumin Bawa. Ya ɗauko mata daga kasuwa za su Samaru, yana isowa wurin sai keke ya yi tari ya mutu. "Ku yi haƙuri, bayin Allah, ku tsaya nan, yanzu wani za shi zo." Su sauka da ƙullin kayansu su tsaya. Da sun hau wani keken, sai nasa ya warke sarai. Ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya yana tallar inuwar wurin, har wasu suka mayar da ita wurin jiran fasinja. Masu jiran keke suka ga keke a nan yake, su ma suka dawo. Mai rake ya biyo su, mai awara ta biyo mai rake.

Ashiru, abokinsa tun zamanin kabu-kabu, ya ja shi gefe ya ce, "Kai Haliru, kana da hankali kuwa? Bas ɗin ga in ta zo, mu za ta kora daga titin ga."

"Ta kore ni. In dai ta fara da Bawa, ni da kaina zan buɗe mata ƙofa."

Da ya ga taron bai kai yadda yake so ba, sai ya aika Nahuce da Karakkai, wai yana da walima. Dangi suka cika mota suka zo da jakunkuna da kaji. Ya jera su gindin durumi tun hantsi, ya ce su jira, yanzu za a zo a tafi da su. Gwaggonsa Uwa, wadda ko gani ba ta yi sosai, ta wuni tsaye tana tambayar wa ya haihu. Masu rigar ɗorawa na tsallaken titi suna ta rubutu. Bawa kuwa yana kan tabarmarsa yana washe baki, yana cewa, "Ku dubi albarka, jama'a! Ƙofata ta koma Kano." Da La'asar Haliru ya sallami dangi da kunun zaƙi. Har yau akwai waɗanda ba su gaishe shi a Karakkai, shi ma ya riƙe su.

Ranar da aka tara mutanen unguwa a ƙofar mai unguwa, Injiniya Fiddausi ta baje taswira ta nuna inda hanya za ta bi. Ta ce wurin durumin ya dace, ga faɗin fili ga jama'a, ba gidan da za a taɓa, itacen kawai za a cire. Bawa ya miƙe.

"Ranki shi daɗe, durumin ga mahaifina ya dasa shi! Nan muka cin tuwo tun ina yaro!"

Haliru ya miƙe a hankali, ya gyara babbar rigar da ya aro musamman saboda ranar, ya yi gyaran murya kamar ɗan majalisa.

"Alhaji, haƙuri za ka yi. Ci gaba ya zo. Don tuwo ba a tsai da gari. Mata masu ciki na shan rana, tsofaffi na shan rana." Har da share ƙwalla. Aka yi ta tafi, wani ma ya ce a tsayar da shi kansila.

Ba a jima ba aka shafa wa durumi jan fenti, aka kewaye wurin da langa-langa. Majalisa ta rasa mazauni. Suka gwada bakin masallaci, liman ya ce miya na jawo tururuwa. Suka gwada ƙofar Malam Zakari, kwata ta kore su. A duk layin ba sauran wuri mai iska sai gindin dalbejiyar ƙofar gidan Haliru, wadda ya yi ta ba ruwa safe da yamma tun ranar da ya ɗauki injiniya. Malam Zakari ne aka tura roƙo. Haliru ya ja masa rai har dattijon ya fara zufa, sannan ya ce, "Ai ƙofata taku ce. Kowa shi zo. Kowa hwa."

Bayan Magariba aka shimfiɗa tabarmi. Bawa ne ya iso a ƙarshe, rungume da babban kwano, ya zauna can baki-baki. Haliru ya naɗe hannun riga. Ya buɗe na Zakari ya tura tsakiya, aka cinye. Ya buɗe nasa ya tura, aka cinye har da suɗi. Sannan ya jawo na Bawa ya ɗaga murfi.

Ƙamshin da ya taso sai da ya sa karen layin baya ya yi kuka. Maimuna matar Bawa ta san gidan da kwanon zai je, don haka ta zage: tuwon shinkafa fari sol, miyar taushe da kan rago, man shanu na yawo a sama. Yawun Haliru ya tsinke, cikinsa ya yi ƙara har Ashiru ya waiwayo. Amma ya tuna hular nan da aka gyara a cikin miyar matarsa, ya daure.

"Alhaji, wagga miya ce ko baƙin mai aka juye muna? Kekena ba ya shan irin wanga."

Ya rufe, ya ture shi gefe da bayan hannu, daidai yadda aka yi masa. Ba wanda ya yi dariya, don kowa idonsa na kan kwanon. Malam Zakari ya bi shi da kallo kamar an fita da gawar ɗan'uwa. Bawa ya tashi ya ɗauki abinsa ya bi layi, Haliru ya raka shi da ido har ya sha kwana.

Abin da bai sani ba, Maimuna da Salma ƙawaye ne na biki da suna. Da kwano ya dawo a cike, Maimuna ta ce ita ba ta dafa kan rago don kaji ba, ta yafa mayafi ta kai wa Salma ta ƙofar baya. Suka zauna suka yi ta dariyar mazansu.

Da safe Salma ta ajiye wa Haliru ɗumame. Ya kai loma ɗaya, ya lumshe ido, ya kai ta biyu. Ya tsotse ƙashi, ya fasa shi, ya lashe yatsu har wuyan hannu.

"Salma, kin gani ko? Irin wannan hannu naki ne Bawa ya raina. Wallahi matatai ko a mafarki ba ta iya wagga miya."

Salma ta sunkuyar da kai ta ce, "A ƙaro maka, Malam?"

Ya miƙa kwanon.