Ranar da Surukina Ya Fito Titi Babu Sutura

Akwai wata ranar kasuwa a Daura da ko shekara ɗari zan yi a duniya ba za ta goge daga zuciyata ba. Shekaru sun shuɗe, furfura ta fara fito mini a gemu, amma har yau idan na tuna ta sai in kasa zama wuri ɗaya.

Ni tela ne. Shagona yana bakin titin da mutanen unguwarmu ke bi idan za su kasuwa. A lokacin shekarata shida da aure. Mahaifin matata tsohon dillalin shanu ne, wanda ya ci kasuwannin Mashi da na tsallaken iyaka tun yana saurayi. Dogo ne, mai ƙarancin magana. Tun da na san shi ban taɓa ganin kansa babu hula ba, ko a cikin gidansa. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin ta suruki: tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa daga nesa in gaishe shi kaina a ƙasa. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Idan na hango shi a hanya sai in sake lungu.

Bayan rasuwar matarsa ne kansa ya fara ruɗewa. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa suka riƙe abin a cikin gida, kowa ya tambaya sai a ce tsufa ne kawai.

Ran nan da hantsi, a tsakiyar bazara, ina kan keke ina ɗinka wa wani ango shadda, sai na ji hayaniya daga can kwanar titi. Da farko na ɗauka 'yan acaba ne suka yi karo. Sai na ji wata mace ta rafka salati, na ga mata biyu sun wuce ƙofar shagona da sauri sun ja mayafi sun rufe fuska. Na miƙe na leƙa.

Wani tsoho ne yake tahowa a tsakiyar titi, babu komai a jikinsa, ko ɗan kamfai. Jikinsa a jiƙe, kumfar sabulu ta bushe masa a wuya, da soso a hannunsa. Tafiya yake a natse kamar mai zuwa aike. Ban gane shi ba sai da ya ƙara matsowa, don ban taɓa ganin wannan kan a buɗe ba. Tsayin na fara ganewa, sannan tafiyar.

Na so a ce na ruga da gudu na rufe shi, da labarin ya fi daɗin bayarwa. Amma ba haka aka yi ba. Baya na ja, na koma cikin shago, har na jawo ƙyaure ɗaya na saya. Na ɗauki almakashi na ajiye, na sake ɗauka. Wata zuciyar tana cewa fita, wata tana cewa, da wane ido? Idan na matsa kusa dole in gani. Idan kuma ya ɗago ya gane ni, shi ke nan, na zama mutumin da ba zai ƙara iya haɗa ido da shi ba har ya mutu. Na riƙa gaya wa kaina cewa yanzu wani zai tashi, ai titin cike yake da maza.

Cike yake kuwa. Ta tsagar ƙyaure ina ganin dattawan da ke zama a benci gaban shagon mai hatsi. Duk sun san shi, wasu ma tare suka yi kasuwa. Kowa ya juya fuska ya kalli bango, suna ta "Innalillahi, innalillahi." Wani ya rufe ido da hularsa. Matasan da ke tashar acaba suna ƙyaƙyata dariya, irin dariyar nan da ba ta daɗi ba ce, ta wanda bai san yadda zai yi da fuskarsa ba. Biyu daga cikinsu sun ɗaga waya. Fili ya buɗe a kewaye da tsohon kamar wanda ke ɗauke da wuta, ba wanda ya yarda ya kusance shi.

Kusa da shagona akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu da daɗewa, kowa Inna yake ce mata. Ita ce na ji ta buga matsami a bakin kasko, ta ɗaga murya.

"Wai babu maza a titin nan ne? Duk gemun nan na ado ne?"

Sai ga ta a ƙofata, ta bankaɗe ƙyauren da na saya. Ta same ni tsaye a lungu kamar ɓarawo.

"Tela, ba surukinka ba ne wancan?"

"Shi ne, Inna."

"Shi ne, kana nan a tsakiyar yadi kana kallona? Ko ni kake so in je, ina mace? Wallahi in ba ka fita ba zan tuɓe mayafina in je, abin kunyar ya hau kanku gaba ɗaya."

Ban san sa'ad da na fizgo shaddar angon daga kan keke ba, zare na bin ta. Na fita babu takalmi, kwalta tana ƙona mini tafin ƙafa. Na nufe shi idona a kan ƙafafunsa, na zagaya ta baya, na naɗa masa yadin daga ƙugu na ɗaure, sauran na yafa masa a kafaɗa. Sai a lokacin na ji yadda ya rame. Ashe duk cikar da nake gani ta babbar riga ce. Ƙashin kafaɗarsa ya cika mini hannu kamar na ɗan maraƙi.

Ya waigo ya dube ni, yana murmushi. "Yauwa, ɗan'uwa, ina hanyar tafki? Sauran yara sun riga ni. Innarmu ta ce kada in daɗe."

Na ce, "Ga hanya nan, Baba. Zo in raka ka."

Na riƙe hannunsa, abin da ban taɓa mafarkin yi ba, muka juya. Sai a lokacin dattawan benci suka taso, wani ya miƙo hula, wani yana korar masu waya. Na bi da shi ta lungu. Yana ta ba ni labarin kifin da ake kamawa a tafkin idan ruwa ya ja baya, ina amsawa da to. Muna dab da zauren gidansa sai na ji hannunsa ya yi tauri a cikin nawa. Ya tsaya. Ya dubi shaddar da ke jikinsa, ya dubi soson da ke hannunsa, ya dubi ƙafafunsa da suka yi buɗu-buɗu. Sannan ya dube ni, kuma na ga ya gane ni.

"Malam, kai ne?"

"Ni ne, Baba."

Ya zare hannunsa a hankali, ya shige gida, ya bar ni tsaye a rana.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In zauna a kan keke, in ɗinka hannun riga a baibai, in farke. Abinci ba ya wuce mini. Duk sa'ad da na ga matasa biyu sun haɗa kai a kan waya suna dariya sai in ce shi suke kallo. Na bi mutum biyun da na gani sun ɗaga waya har gidajen iyayensu, na roƙe su suka goge a gabana, amma wa ya san inda abin ya riga ya kai? Mutane kuma suka riƙa shigowa shago suna yaba mini, wai na yi abin kirki, wai ɗan halak ne ni. Kowace yabo kamar allura take shigata, don na san abin da Inna mai ƙosai ta gani a bayan ƙyaure. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba, sai dai ta daina yi mini wasan da ta saba.

Na yi ta juya abin a raina. Me ya sa garin maza guda ya daskare a gaban tsoho ɗaya da bai cuci kowa ba? Da hatsari ya yi a titin nan, jini na zuba, da kafin ka ƙifta ido mutum ashirin sun ɗauke shi. Muna yara tsirara muke wanka a kududdufi, ba wanda ya damu. Tun daga ranar da aka yi mana kaciya aka ce mun zama maza, aka soma koya mana cewa jikin namiji abin ɓoyewa ne, musamman ga ɗan'uwansa namiji. Wannan tarbiyya ce mai kyau, addini ma ya yi umarni da suturta al'aura da kau da ido, ban taɓa jayayya da haka ba. Amma mun ɗora girman mutum kacokan a kan riga da hula, har idan suka faɗi ba mu san da wa muke magana ba. Ina jin abin da ya firgita dattawan nan ba tsiraicinsa ba ne kaɗai. Sun ga abin da ke ƙarƙashin tasu rigar ne, fata mai yamutsewa da ƙashi, sun kasa jure kallo.

Matata ta yi kuka har idonta ya kumbura. Wata rana da yamma, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Malam, Allah Ya saka maka. An ce kana ganinsa ka fita da gudu."

Da na yi shiru da maganar ta wuce. Amma na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

"Ba haka aka yi ba. Tun daga kwana na gan shi. Shago na shige na saya ƙofa, sai da Inna mai ƙosai ta zo ta kore ni."

Ta ajiye rariya. "Tun daga kwana? Duk tsawon titin nan ya taka kana kallo?"

"Ina kallo."

"Da mahaifinka ne fa?"

"Da mahaifina ne, ina tsoron da na fi haka ɓuya."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A can gidansu kuma wata matsalar ce ta taso. Tsohon ya ƙi wanka gaba ɗaya, tsoro yake ji. Yayan matata ya sa kwaɗo a ƙofar gida, amma shi da ƙannensa ba wanda ya iya shiga banɗaki da mahaifinsa. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Ni kuma na ɗauke ƙafa, ko gaisuwar Juma'a na daina zuwa, ina ganin ganina zai ƙara masa ciwo.

Bayan kamar mako biyu yayan matata ya zo shago da kansa. "Baba yana kiranka. Yau kansa garau yake, ka zo yanzu kafin abin ya juya."

Na same shi a zaure a kan buzu, da hula da babbar riga. Na durƙusa a inda na saba. Ya ce in matso. Na matsa kaɗan. Ya ce in ƙara. Ya sallami ɗansa, muka rage mu biyu.

"Malam, ka ga abin da bai kamata suruki ya gani ba."

"Baba, ban ga komai ba."

"Kada ka yi mini ƙarya a zaurena. Ka gani." Ya murza carbinsa. "Abin nan zai dawo, na sani. Wata rana zai zo ya ƙi tafiya. 'Ya'yana ba za su iya ba, ni ma ba na so su iya. Kai kuwa ka riga ka gani, kuma ka rufe. Ina roƙonka, kai za ka riƙa yi mini wanka."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Baba, ban zo da wuri ba ran nan. Na tsaya na ɓuya."

"Amma ka zo," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri."

Na zo da wuri. Ranar farko har kwanon wanka sai da ya suɓuce mini. Na ɗaura masa zane a ƙugu, ina cuɗa bayansa ina kallon bango, shi ma yana kallon nasa bangon. Da aka yi wata guda sai ga mu muna hira, yana koya mini yadda ake gane shekarun bijimi daga haƙoransa. Matata da ta ji inda nake zuwa kullum da safe, sai na ga ta soma ajiye mini ruwan zafi a bokiti da sabon soso. Shekara biyu muka yi a haka. A ƙarshe ya daina gane kowa, amma idan ya ji muryata yakan miƙo hannu. Da Allah Ya karɓi abinsa, ni na yi masa wankan ƙarshe tare da limamin unguwa, hannuna bai yi rawa ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, kunya iri biyu ce, kuma a fuska kamarsu ɗaya. Akwai wadda ke kare mutuncin ɗan'uwanka, akwai wadda kanka kawai take karewa. Kau da ido daga tsiraicin mutum ladabi ne idan yana da ikon rufe kansa. Idan ba shi da wannan ikon, kau da ido guduwa ce, ko da salati a bakinka. Wanda suturarsa ta faɗi ba ya bukatar mutanen da suka iya juya fuska. Mutum ɗaya yake bukata da zai sunkuyar da kai, ya taka zuwa gare shi.