Ranar da Goggo Ke Zama Hajiya

Ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma, ina karatun tattalin arziki, na je hutu Wurma wurin goggona, ƙanwar babanmu. Buhun wake shida gare ta a ɗaki, ni kuwa kaina cike da zane-zanen farashi. Na zaunar da ita, na ɗauki tsinke ina ja mata layi a ƙasa, wannan na masu saye, wancan na masu sayarwa. Ta bari na gama, sannan ta ce in matsa, na tare wa kaji hanya.

"To Goggo, ke da me kike gane lokacin sayarwa?"

"Da bakin dillali," in ji ta. "In wake ya faɗi, daga kan babur yake ce mani, 'Inna, ina kwana.' In ya tashi, sai ka ji, 'Hajiya, ya ƙafar taki?' Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba."

Shaiɗan ya raya mani in gwada ta. Ranar kasuwar Kurfi na tare dillalin, wani dogo mai son surutu, na tsegunta masa dabarar Goggo. Ya yi dariya har da bugun cinya.

Bayan kwana uku sai ga shi, fuska a murtuke. "Inna, ina kwana. Kasuwa ta mutu, amma zan taimaka in kwashe maki waken nan."

Goggo ta kawo ruwa, ya shanye. Ta shimfiɗa tabarma, ya zauna. Ta shiga ba shi labarin akuyarta da ta haifi uku, tun daga kan kakar akuyar, shi kuwa sai "Allah sarki" yake yi. Ina zaure ina danne dariya. Da ta gama, ta ce waken ba na sayarwa ba ne.

Yana fita ta kira ni. "Wanda kasuwa ta mutu masa ba ya zaman jin tarihin akuya. Kai ka faɗa masa, ko?"

Na ce ni dai bincike nake yi.

"Madalla. Gobe sai ka ƙarasa binciken."

Washegari ni na loda buhunan nan shida a mota, ni na sauke su a kasuwar Dutsin-Ma, a gaban wasu 'yan matan ajinmu biyu da suka fito cefane. Waken ya yi kuɗi sosai. Goggo ta saya mani rake sanda ɗaya, ta karɓe rabi.