Inda Na Tsayar da Baba

Ranar Alhamis ce, cikin kaka. An gama yankan gero, dawa tana tsaye ba a taɓa ta ba. Bayan sallar asuba na kama hannun Baba na kai shi gindin ɗorawar ƙofar gidanmu, na shimfiɗa masa buzunsa. Shekara shida ke nan da yanar ido ta makantar da shi. Inda ka ajiye shi, nan za ka dawo ka same shi, ko wuni za ka yi. Matata Ladi ta aiko masa da kunu. Ya kurɓa ya ce, "Sule, tambayo mai kunun nan, geron tafiya ya yi ya bar tsamiya da gadi?" Na ji dariyarta daga bayan danga. Na saɓa fartanya na tafi cirar gyaɗa.

Kafin in faɗi abin da aka yi mana, sai na faɗi abin da na yi. Ba zan rubuta laifin wasu in ɓoye nawa ba.

Ranar Litinin ta makon aka yi zaɓe a filin kasuwar ƙauyenmu, kudu da Ɗanbatta. Lokacin babu takarda, babu akwati. Ɗan takara zai tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, kowa yana ganin kowa. Mutum biyu suka tsaya: ƙanen dagaci, da Audu Tela, wanda ya dawo daga Kano da katin jam'iyyar adawa. Ni na yi aji huɗu a elementare, don haka ni nake karanta wa mutane jarida a rumfar Audu. Ina jin daɗin yadda ake sauraro na. Ni na matsa wa Baba ya fito. Ya ce ƙwai ba ya karo da dutse. Na ce zamani ya canza.

Na ja shi har layin Audu, kusa da gaba. Sai na ɗaga kai. Dagaci yana zaune kusa da Baturen da ya zo ƙirga, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Idonsa ya zo kaina. Na ce, "Baba, tsaya nan, ina zuwa." Na saki hannunsa, na zaga ta bayan rumfuna, na shiga layin ƙanen dagaci. Baba ya tsaya inda na tsayar da shi, aka ƙirga da shi. Layin Audu ya fi tsawo. Bature ya rubuta, ya shiga motarsa, ya tafi kafin la'asar. A hanyar gida abu ɗaya Baba ya ce mini: "Ka daɗe."

To, ranar Alhamis ɗin, an idar da azahar ke nan na ji ƙugin babbar mota. Mota ba ta shigo mana sai lokacin awon gyaɗa, kuma lokacin bai yi ba. Sai ganga. Sai usur sau uku. Na yar da fartanya na ruga.

Baƙi ne, 'yan banga, da gora da adda da barandami. Mutum ɗaya ne ɗan garinmu a cikinsu, shi ke nuna gidaje. Da rumfar Audu suka fara. Na ji ƙarar keken ɗinkinsa da suka jefa a rijiya. Shi kuma suka ɗaure shi suka cilla cikin mota.

Na iso gida tare da su. Baba yana kan buzu, yana juya kai wajen hayaniya.

"Gidan wa ye nan?"

"Na makahon nan! Layin tela ya bi!"

Na ɗaga hannu na ce, "Ni layinku na bi! Ku tambaya, an gan ni!" A gaban Baba na faɗa, da ƙarfi.

"Kai ne mai gidan?" Gora ta sauka a kafaɗata. "A cinna!"

Suka yi kan zaure. Na fizgo Baba na zaga da shi bayan gida. Ba ya iya sauri. Ladi tana ciki da 'ya'yanmu biyu, ɗaya a goye. A bayan gidan akwai tarin karan gero da muka jingine don sabuwar danga, ya fi mutum tsawo. Na ga daga hanya ba za a hango shi a nan ba. Na tsayar da shi a jikin karan. Na ce, "Baba, tsaya nan, ina zuwa."

Ya ce, "To."

Na keta danga na shiga. Jinkar ɗakin Ladi ta riga ta kama. Na ɗauki babbar yarinyar, Ladi ta biyo ni. Da muka fito, mutum uku sun shiga tsakaninmu da tarin karan.

"Ga mai jaridar nan! Ku tare shi!"

Muka faɗa gonar dawa. Muka yi ta kutsawa har muka daina jin sawu, sannan muka kwanta tsakanin kunyoyi. Ladi ta toshe bakin jaririn da nono. Daga nan ina jin komai. Gorar jinka tana fashewa. Awaki suna kuka a turke. Rumbu ya rufta. Lokacin la'asar ya yi, ba wanda ya kira salla.

Sai iska ta juya. Hayaƙin ya karkata bayan gida. Na ɗago a kan gwiwa, na hango wuta ta bi danga tana tafiya. A bakin gonar akwai wani tsaye da barandami, ya ba ni baya. Tsakanina da Baba bai fi jifa ba. Ya san muryata cikin murya ɗari. Da na ce, "Baba, taho gabas," da ya taho. Amma mai barandamin ma zai ji. Na buɗe baki. Na rufe. Na koma na kwanta, na kifa fuskata a ƙasa.

Motar ta tashi rana tana gab da faɗuwa. Na fita.

Yana nan inda na tsayar da shi. Tarin karan ya zama toka. Shi kuwa bai matsa ko taki ɗaya ba.

Mu huɗu muka yi masa sutura kafin duhu. Sauran maƙwabta sun ji tsoron a gan su a gidanmu. A bakin kabari wani ya raɗa mini cewa za su dawo neman mai karanta jarida.

Da asuba muka fita. Ba mu bi titin mota ba, burtalin shanu muka bi. Muka ci ɗanyar gyaɗa, muka sha ruwan kududdufi. Yarinyar ta tambayi kakanta sau biyu, daga nan ta daina. Rana ta biyu da la'asar muka isa Bacirawa, gidan kawun Ladi. A can na ji an ɗaure Audu Tela, an ce shi ya ta da fitina. Kujerar da ya ci, ƙanen dagaci ya hau ta.

Ban sake komawa ba. Rumbu biyu, ɗakuna uku, awaki biyar, dawar da ban yanka ba. Da Baba.

Safiyar da za mu fita na bi ta gindin ɗorawa. Wuta ba ta kai nan ba, ko ganye ɗaya bai ƙone ba. Buzunsa yana shimfiɗe yadda na shimfiɗa shi, ga ƙwaryar kunun a gefe. Buzun kaɗai na ɗauko. A kansa nake salla har yau.