Gilashin da Yaya Ya Sa Aka Wanke

Yayana bai taɓa shan shayi a zaune ba. Kofi yana hannu, shi kuma yana zagaye, kamar an ce masa kujera na cizo. Abin dariyar shi ne, sana'arsa hana mutane motsi ce. Shekara talatin da huɗu yana ɗaukar hoto, kuma duk wanda ya shiga shagonsa sai ya ji "Tsaya haka!" sau biyar ko shida, har sunan ya bi shi. A layinmu in ka tambayi mai hoto za a ce wanne, amma in ka ce Tsaya-Haka, kowa zai nuna maka ƙofa mai shuɗin fenti. Ni ƙanwarsa ce, shagona na ɗinki yana manne da nasa, bangon katako ne kawai tsakaninmu. Saboda haka ba a bakin wani na ji wannan labarin ba.

Shagon nasa dogo ne, siriri. Can ƙurya akwai labule da kujera ɗaya, a tsakiya kuma wani layin jan fenti a ƙasa, inda yake tsayawa ya ɗauki hoto tun yana saurayi. Gefe guda kabad ne, cike da tsofaffin gilasan kyamara, irin waɗanda ake ɗaurawa a gaba a kuma cire. Guda goma sha bakwai ne, kowanne a cikin tsohuwar safa. Ya fara ne da wanke fim a ɗakin duhu na wani dattijo, da ya tara ɗan abin da ya tara ya sayi kyamara ta hannu da gilashi ɗaya tak. Goma sha bakwai ɗin nan duk daga baya ya tsince su, ɗaya-ɗaya, kullum yana cewa wannan ne na ƙarshe.

Da fim ya ɓace daga kasuwa, Yaya ya yi fushi da duniya. Ya koma ɗaukar hoton fasfo da wata 'yar kyamara da yake riƙewa da yatsa biyu kamar ƙazanta. Ana nan sai 'yarsa ta fari, da ke aiki a wani gari, ta aiko masa da sabuwar kyamara, irin wadda ake ce wa marar madubi. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya.

"Kyamara babu madubi a ciki? To da me take gani?"

Na ce, "Kai ma da kake da madubi, yaushe rabon da ka duba shi?"

Wata uku tana cikin kwalinta. Mai Agogo ne ya ballo mana ruwa. Abokin Yaya ne, yana gyaran agogo a ƙarshen layi, yana kuma taɓa kyamara. Shi ya gaya masa akwai wani zoben ƙarfe da ake kira adafta, in an ɗaura shi, tsohon gilashi zai hau sabuwar kyamara ya zauna daram. Sai dai kyamarar ba za ta saita masa komai ba, da hannunsa zai murza har hoto ya fito. Yaya ya ce ai dama hannu aka yi wa mutum don aiki.

Daga ranar kwanciyar hankali ta yi ƙaura daga layinmu. Kowane dangin gilashi da irin zobensa, wani murzawa ake yi, wani juyawa ɗaya ya maƙale. Ga shi kuma sabuwar kyamarar tana datse gefen hoto: gilashin da ya saba ɗaukar mutum har gwiwa, yanzu a ƙirji yake tsayawa. Yaya ya tsaya a kan jan layinsa ya ga babu, ya ja da baya, ya ƙara ja, har ƙeyarsa ta bugi bangona allurai suka zube. Babu abin da bai gwada gilasan nan a kansa ba. Ya ɗauki keken ɗinkina ya fi sau ɗari. Ya ɗauki magen layi har ta gane shi, tana hango shi take canza hanya.

Mutum ɗaya ce bai ɗauka ba, matarsa.

Malama muke ce mata, don shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan firamare. Hotonta ɗaya ne a duniya wanda za a kira hoto. Tana budurwa ta zo shagon a yi mata na takardar shiga makarantar horon malamai, Yaya ya ɗauki wanda ta biya, ya saci na biyu ba ta sani ba. Wannan na biyun yana rataye a ɗakinsu har yau. Fuskarta a ciki luwai-luwai, haske ya lulluɓe ta ta ko'ina, kamar an wanke ta da madara. Yaya yakan tsaya gabansa ya ce, "Hannu ne wannan. Yaran yanzu su je su yi in gani." Duk lokacin da ta ce ya sake mata wani, sai ya ce bari a sami gilashin da ya dace. Haka aka aurar da yara uku ana jiran gilashin da ya dace. Da gaskiyar masu cewa ɗan tela da yagaggiyar riga yake yawo, ni ma shaida ce.

A bana Malama ta fara ramewa. Aka je asibiti, aka koma, aka sake komawa. A ƙarshe likita ya ce ranar Litinin za a kwantar da ita a fara magani mai ƙarfi, kuma bai ɓoye mata ba cewa maganin zai sauya mata kama. Ranar Talata ta shigo shagon, ina ciki ina aron almakashi. Ta zauna a kujerar nan ta gaban labule.

"Mai Hoto," haka take kiransa, "kwana shida gare ka. Hoto ɗaya nake so, irin wancan na ɗaki, kafin su taɓa ni."

Yaya ya ce, "Gobe-gobe, Malama."

Na so a ce ya ɗauki kyamara nan take. Ina! Laraba ya kwashe gilasai goma sha bakwai ya jera a kan teburin yankana, ya ture atamfar mutane gefe. Ya zaunar da ni a madadinta. Gilashi mai lamba tamanin da biyar ya yi kusa da yawa, sai an fasa bango. Mai talatin da biyar yana faɗaɗa hanci. Wani yana sa fata ta yi rawaya, wani zobensa yana rawa. Na wuni a kujera wuyana ya ƙage, ɗinkin mutane yana jirana.

Alhamis na ce masa, "Yaya, don Allah ka ɗauki ko wanne. Matarka so take ka dube ta, ba gilashi ba."

"Ke dai ki yi ɗinkinki. Na taɓa zaɓa miki allura?"

Ya mayar da ɗaya cikin safa, ya sake zaro wanda ya riga ya gwada jiya. A nan na gane ba zaɓe yake yi ba, gudu yake yi. Muddin bai gama zaɓen gilashi ba, Litinin ba ta zo ba. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa kuma ya fi haushin.

Da hantsin Juma'a na ji ya buga bango. "Ke! Na tuna!" Gilashinsa na farko, wanda ya ɗauki wancan hoton da shi, bai ma fito da shi ba. Yana can ƙasan kabad, ba a safa ba, a cikin gwangwanin madara, don tun da ya sami waɗanda suka fi shi ya yi watsi da shi. Ɗan ƙarami ne, fentinsa ya goge. Zobensa na murzawa ne, kuma babu irinsa a cikin na Yaya. Muka rufe shaguna muka nufi wurin Mai Agogo, yana gaba ina binsa da haki.

Mai Agogo ya zazzage akwatin tarkacensa, ya kuwa sami zoben. Da a nan muka juya da an huta. Amma mai gyara ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya ɗaga gilashin ya haska shi da 'yar tocila.

"Kai, Tsaya-Haka, akwai yana a cikin nan. Dubi, kamar hayaƙi ya kwanta. Tsohuwa ce kuwa, ta girmi 'ya'yanka."

Yaya ya karɓa ya duba, kunya ta rufe shi. Mutumin da ke goge gilashi sau uku kafin ya ɗauki hoton fasfo, a ce da datti zai ɗauki matarsa?

"Wanke shi," ya ce. "Tas nake so."

Wunin Asabar Mai Agogo yana kwance gilashin ɓawo-ɓawo, Yaya yana sintiri tsakanin shagonsa da na abokinsa. Na ƙirga sau goma sha ɗaya, na gaji na bari. Da la'asar aka miƙo masa shi yana ƙyalli kamar ruwan randa.

Lahadi da safe Malama ta zo. Ta sa rigar da na ɗinka mata, wadda sai da na rage ta sau biyu a wata ɗaya. Na gyara mata ɗaurin kallabi. Yaya ya ɗora kyamara a kan sandar ɗora ta mai ƙafa uku, ya ja baya da jan layin taku biyu, ya murza, ya sake murzawa.

"Tsaya haka."

Ya danna. Ya duba allon bayan kyamarar. Na leƙa ta kafaɗarsa, nan take na yi da-na-sanin leƙawa. Hoton ya fito tar. Ramin da ke ƙasan idonta, ƙasusuwan wuya, jijiyar da ta taso a gefen goshi, babu abin da gilashin ya bari. Ya sake ɗauka, ya matsar da fitila, ya kashe ta, ya buɗe taga. Duk ɗaya.

"Kawo in gani," in ji Malama.

"Bari tukuna, hasken ne bai..."

"Mai Hoto. Kawo."

Ya kai mata. Ta daɗe tana kallo. Ta tambaye shi ko ba gilashin da ba ne, ya ce shi ne, sai dai an wanke shi jiya, akwai wata yana a ciki. Yana faɗa yana jin abin da bakinsa ke faɗa, na ga fuskarsa ta sauya. Yanar nan ita ce madarar. Da ita ya sayi gilashin, ita ta lulluɓe fuskar Malama a wancan hoton, kuma shi da bakinsa ya sa aka goge ta.

Malama ta fashe da dariya har da tari.

"Oh ni! Shekara talatin da huɗu ina zaton kyau gare ni, kai kana zaton hannu gare ka, ashe datti ne ya rufa mana asiri."

Ni ma na yi dariyar, amma hawaye na gudu. Yaya bai yi ba. Ya zagaya shagon sau biyu, ya buɗe kabad ya rufe, ya ce zai je wurin Mai Agogo, kamar ana mayar da yana. Sai ya tsaya cak. Ya tuna wata dabarar dattijon da ya koya masa aiki. Ya sunkuya ya huro wa gilashin hucin bakinsa, gilashin ya yi dishi-dishi. Hucin ba ya daɗewa, kafin ka ƙirga uku ya tafi, babu lokacin murze-murze balle "tsaya haka". Na farko ya yi latti. Na biyu ya yi gaggawa, komai ya fito fari. A na uku ya dace, tana tsakiyar yi masa dariya.

Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙanen wancan na ɗaki ne sak. Ya miƙa mata kyamarar, ta duba wannan, ta koma ta duba na farkon nan da ya fito tar, ta sake dawowa.

"Wannan mai hucin ka wanke wa yara," ta ce. "Ɗayan kuma kar ka kuskura ka goge shi."

"Me za ki yi da shi, Malama? Bai yi ba."

"Ba ni zan yi da shi ba, kai za ka yi. Wata shida ina ramewa a gabanka, kana kallon keken ɗinki da mage. Yau ka gan ni. Gobe in mun shiga asibiti, wannan matar za ka raka, ba ta bango ba."

Ta matsa gefe a kan kujerar, ta dafa ɗan wurin da ya rage. Kujerar mutum ɗaya ce, amma yanzu tana ɗaukar su biyu. Yaya ya dubi gilasan da ke jere, ya dubi ƙofa, sannan ya je ya zauna. Na ɗora musu shayi a shagona na kawo. Ya karɓa, yana kurɓa a zaune, har ya huce a hannunsa bai tashi ba.