Takardar Gwajin da Ta Ƙi Yin Ja

Iya Mai Tarwada ba ta yarda da kowa a kan kifinta. Ta daɗe tana kiwonsu a kwatamin siminti guda biyu a bayan gida, makullin wurin kuma a bakin zanenta yake kwana. Ko mai kawo abincin kifi sai ya kwance buhu ta shinshina kafin ta karɓa.

Bana ta ƙara na uku. Mijin 'yarta, wanda magini ne, shi ya gina mata. Siminti na bushewa ta cika ruwa, ta zuba ƙananan kifi. Ba a jima ba suka fara tasowa suna haki, wasu ciki a sama.

Nan take zarginta ya faɗa kan mai gyaran batirin mota da ke bayan katangarta.

"Kai mai batir! Ka rasa inda za ka zubar da asid ɗinka sai ruwana?"

"Haba Iya! Ni da ko ruwan sha ban taɓa ba tarwadarki ba?"

Ta kira malamin gona don ya zame mata shaida. Ya tsoma 'yar takardar gwaji a kwatamin, ya ce in da tsamin asid za ta yi ja. Ta fito shuɗiya.

Ya yi mata bayani cewa kowace ƙwayar ruwa gefenta biyu ne, kowanne na fizgar abin da ya taɓa, shi ya sa ruwa ke narkar da abubuwa. Ruwan nan ya tsotso farar ƙasa daga sabon siminti, ya koma kamar ruwan toka, akasin asid, yana ƙone wa kifi wurin numfashi. Kamata ya yi a jiƙa kwatamin ana zubar da ruwan na tsawon makonni kafin a sa kifi.

Iya ta kalle shi sama da ƙasa. "Malam, ta shagon mai batir ka biyo?"

Sai da ta sa ya gwada takardar a ruwan batir, ta ga ja da idonta. Ta ɗauko roba ta kwashe kifin da suka rage zuwa tsohon kwatami, ta buɗe magudana.

Malamin na shirin tafiya ta tsayar da shi. "Magini ya san siminti na yin haka?"

"Wasu sun sani, Iya."

Da la'asar ta kira 'yarta a waya. "Ki zo gida. Ke kaɗai."