Goggo a bayan zana

Shekarar da nake karatun harkar silima a jami'a, na dawo hutu Gazawa da tsofaffin finafinan Turawa marasa launi cike da ordinatata, wato kwamfutata. Irin waɗanda ake kashe mutum tun farko, sai wani ɗan bincike mai malafa ya yi ta yawo cikin duhu da ruwan sama yana neman wanda ya yi kisan, ƙarshe ya tarar matar da yake so ce. Malaminmu ya ce mu fara kallon kowane ɗaya ba sauti, mu lura da inda haske ya faɗi da abin da aka bari cikin inuwa.

Ina cikin wannan aiki wata azahar, na rufe taga, sai ga taubashina, ɗan goggona, ya dawo daga kabu-kabu.

"Bawana, kuramen silima kake kallo?" in ji shi.

Na bayyana masa. Ya zauna, ya shiga saka wa mutanen magana da bakinsa. Ɗan binciken ya koma jandarma mai neman ɓarawon akuya, matar kuma mai fura. Na yi dariya har da hawaye, amma muka ci gaba da tsayar da hoto muna dubawa. Muka lura duk wanda zai yi ƙarya, rabin fuskarsa a duhu take, kuma inuwar taga tana zana wa mutum layi-layi kamar yana kurkuku.

"To ai zanar gidanmu tana yin haka da la'asar," ya ce. "Mu yi namu mana."

Ranar kasuwa muka samo doguwar kwat a gwanjo. Ana tsakiyar bazara, taubashina yana saka ta gumi ya fara tsiyaya daga ƙarƙashin malafa. Saura mace mai hatsari. 'Yan matan gidan duk suka ƙi, sai Goggo da ke tankaɗe ta ce, "In dai tsayuwa ce, ni ma na iya."

Na ce a silimar mace taba take sha.

"A'uzubillahi! Ba ni asuwakina."

Haka muka tsayar da ita bayan zana, rana ta ratso ta yi mata zane a fuska, asuwaki tsakanin yatsu. Na riƙe wayar salula ina ɗauka. Taubashina ya matso da muryar manya ya ce, "Hajiya, ina kike lokacin da abin ya faru?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ina haihuwarka, marar kunya. Cire rigar nan kafin ka suma."

Muka sake ɗauka har rana ta sauka, ba ta taɓa faɗin abin da na rubuta mata ba. Amma da na cire launin hoton na duba, wallahi sai da na sake kunna shi. Idonta ɗaya cikin haske, ɗaya cikin duhu, kamar ta san asirin garin duka.

Washegari ta tara matan unguwa a rumfa ta ce in kunna musu. Suka yi ta shewa. Ita kaɗai ta ɗaure fuska.

"Kai, ɗan nan," ta ce, "sabuwar atamfata ce fa, kore da ruwan goro. Wa ya ce ka wanke mata launi?"